Neman kalmar Hausa: "marbling" a naman shanu

Malamar Gona: Assalamu alaikum. Jibi Alhamis za mu naɗi shirin rediyo na makiyaya da masu turka, kalma ɗaya ta gagare ni: marbling. Ba kitsen da ke lulluɓe da nama ba ne, wanda mahauci ke yankewa ya ajiye gefe, ba kuma na jikin ƙoda ba. Wanda ke cikin tsokar kanta ne, fari siri-siri. A Amurka da shi ake ba nama daraja: ana yankawa tsakanin haƙarƙari na 12 da na 13 a duba tsokar gadon baya, mai yawansa shi ne Prime, sai Choice, sai Select. A Japan, inda ake ji da shanun Wagyu, ma'aunin daga 1 zuwa 12 ne. Ina son abin da mai turka zai ji ya gane ba sai na tsaya dogon bayani ba.

Ɗan Katsina: Wa alaikumussalam. Kitsen cikin tsoka.

Malamar Gona: Daidai ne Malam, amma zan ce mai yawa, mai kaɗan, mataki na kaza. Ya yi tsawo a baki, kuma bai nuna kamannin abin ba.

Malam Nahawu: Asalin kalmar daga sunan dutsen nan mai zane-zane ne, marble. Mu ma muna da marmara. Na ba da shawarar marmarantaka. Kalma ɗaya, ginin Hausa, kamar jaruntaka da abokantaka.

Bamaradiya: Malam, a gafarce ni, marmara a wajenmu jan dutse ne mai ramuka da ake zubawa a hanya. Wa zai so a kwatanta namansa da shi? Kuma ba dole ba ne mu bi hoton da mai Ingilishi ya gani. Faransawa persillé suke cewa, daga sunan wani ganyen miya, ba ruwansu da dutse. Mu ma mu duba da idonmu.

Jikan Sarkin Fawa: Hajiya ta yi gaskiya. Ni a fawa na tashi. Abin da kuke nufi mun san shi, a tozo ya fi fitowa, shi ya sa mai balangu ke ɓoye tozo wa na hannun damansa. Mu dai cewa muke nama ya yi mai, ko kitse ya ratsa shi. Amma Malama ki kiyaye abu ɗaya a shirin: kada a ce wa mutane nama mai kyau shi ne mai wannan kitsen kawai. Mai kilishi tsokar cinya zalla yake nema, in akwai mai a ciki ba ya shanyuwa yadda ake so, kuma yana saurin canza wari. Tauri kuma ba rashin kitse kaɗai ke kawo shi ba. Jijiya ce da tantaƙwashi. Tsokar da ta sha aiki, kamar wuya da ƙauri, ta fi jijiya, tsohuwar saniya kuwa sai an daɗe ana dafawa kafin ta saki.

Malam Nahawu: Da girmamawa, maganar mahauta daban, kalmar ilimi daban. Har yaushe Hausa za ta zauna tana kewaye-kewaye da jimla alhali wasu harsuna na da kalma guda? Wannan ne ya sa ake raina mu a jami'a.

Jikan Sarkin Fawa: Ranka ya daɗe, wanda ya raba tozo da gadon baya da ƙauri tun kafin a gina jami'ar shi ne marar ilimin nama?

Bamaradiya: Kuma kowace kalma sai an yanke ta a Kano ko Zariya? A Maradi da Damagaram ma ana jin rediyon nan.

Ɗan Katsina: Jama'a, jibi ne fa. Baba ya riga ya ba mu kalmar bai lura ba: kitse ya ratsa shi. Ratsin kitse. Kamar ratsin zane.

Malamar Gona: Na gwada da baki: ratsin kitse mai yawa, nama marar ratsi, ratsinsa ya kai mataki na 8. Ya zauna. Zan kuma faɗa a shirin cewa shanunmu masu tozo, Bunaji da Rahaji da Bokolo da Azawak, ba su cika tara shi a gadon baya kamar Wagyu ko Angus ba, ko an turke su. Jini ne, ba laifin mai kiwo ba.

Malam Nahawu: Ratsi layi ne a miƙe, wannan kuwa ɗigo-ɗigo ne da rassa. Ban gamsu ba. A rediyo a yi da shi, amma a rubutu ina nan kan marmarantaka.

Bamaradiya: Mu nan "sirkin mai" zai fi saurin shiga kunne, amma ratsin ma za a gane.

Malamar Gona: Na gode ƙwarai. Ratsin kitse zan ce jibi, in ambaci tozo a matsayin misali. Baba, gobe zan turo maka tambaya a kan jijiya da tantaƙwashi, don takardar Turancin da nake dubawa kalma ɗaya ta ba su, ni kuwa na ji ka raba su.