Muna kan anka a Legas, mu fita ko mu ci gaba da jira?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Jirginmu mai filafilai ne, mita 11, na wani Alhaji da ya saye shi hannu na biyu, ya gyara ciki tsaf, yanzu yana so mu kai masa Tema, tashar jiragen ruwa a Ghana. Ga Yuli ta shiga, ruwa ba dare ba rana, katifu sun yi funfuna, batir yana sauka volt 12.1 kafin asuba. Alhaji kullum waya. Mu fita ne?

Kyaftin: Wa alaikumus salam. Ƙanena, zauna. Tema tana yamma, fiye da mil 200, iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, ruwan tekun kuma gabas yake gudu. Duka biyun a goshinka. In ma za ka fita, kada ka bi tsakanin East Mole da West Mole, katangun duwatsu biyu na mashigar tashar Legas, lokacin da ruwa ke janyewa, yana karo da igiyar teku sai ta miƙe tsaye. Sarƙar anka nawa ka saki?

Mai tambaya: Mita 20, zurfin mita 5 ne. Jirgin bai gusa ko taku ɗaya ba.

Kyaftin: Bai isa ba. Mayar da ita 30 zuwa 35. Guguwa ɗaya cikin dare za ta tumɓuke ka.

Injiniya: Ni batirin ne damuwata. 12.1 kusan rabin caji ne kawai, zai mutu. Kashe firij da dare, tada inji awa ɗaya safe da yamma. Amma duba matatar ruwan sanyaya inji tukuna. Kainuwa da leda sun cika lagun ɗin nan, kowa shara yake zubawa, babu mai tsawatarwa! In ruwa bai fito ta salansa ba, kashe nan take, robar famfon za ta ƙone. Cika tankin dizal kada raɓa ta taru ciki.

Baban Apapa: Ku daina tsorata yaro. Damina kan yi sauƙi a Agusta, ya bi hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi, ya fita da inji.

Kyaftin: Ruwan sama ne ke sauƙi, Malam, igiyar teku tana nan. Sai Nuwamba.

Mai tambaya: Nuwamba? Abinci ba zai kai ba, Alhaji ma ba zai yarda ba. Firij kuma ba zan kashe ba, da nama a ciki. Funfunar fa, ba wanda ya ce komai.