Tambaya: ya tsiron hamada yake haɗa abincinsa ruwansa bai ƙare ba?

Ɗalibar_Ilimi:
Slm ƴan uwa, dan Allah masu ilimin bayoloji ku taimaka min. Na gane cewa tsiro da kansa yake haɗa abincinsa, ya ja ruwa ta saiwa, ya shaƙi iskar kabon ta wasu ƴan ƙofofi da ke jikin ganye, hasken rana kuma shi ke bada ƙarfin aikin, sai a samu suga oksijin ya fita. To amma ance ta ƙofofin nan dai ruwan jikinsa yake bin iska, kenan wanda ke cikin hamada in ya buɗe ya bushe in ya rufe kuma yunwa, to ya yake yi? Sannan ita ƙasa meye aikinta tunda ba ita yake ci ba?

Malam_Bayoloji:
Wslm ƴar uwa, gaskiya tambayarki ta yi ma'ana sosai dan nan ne matsalar kowane tsiro take. Sama da kashi 90 cikin 100 na ruwan da yawancin tsirrai ke ja ta ganye yake fita, kaɗan ne ke shiga haɗa abinci. Su irin kaktus (wani tsiron hamada mai ƙaya) da alobera da abarba sai Allah ya basu dabarar raba aikin gida biyu, da dare lokacin da gari ya yi sanyi ruwa baya saurin tashi sai su buɗe ƙofofin su kwashi kabon su adana shi a matsayin wani sinadari mai tsami, gari na wayewa su rufe ruf, sai su riƙa sako kabon ɗin a cikin jikinsu suna aiki da shi a hasken rana. Shi yasa in aka gwada ruwan jikinsu da asuba ya fi tsami akan na yamma. Amma fa abin da suke iya tarawa a dare ɗaya bashi da yawa, dalilin da yasa kaktus baya saurin girma kenan. Ƙayoyin jikinsa ma asalinsu ganye ne, koren jikin nan mai kauri shi ke yin aikin ganye kuma shi ke riƙe ruwa.

Abu_Nazari:
Malam ya gama da ta farko, bari in taɓa maganar ƙasa dan ni ita tafi burge ni. A ƙarni na 17 wani masani mai suna Jan van Helmont ya dasa ƙaramar bishiya mai nauyin kilo 2 da ɗoriya a tukunya bayan ya auna ƙasar, shekara 5 ruwa kawai yake bata, da ya sake aunawa bishiyar ta kai wajen kilo 77 ita kuma ƙasar ko giram 100 bata ragu ba. Shi sai ya ɗauka duk daga ruwa ne, daga baya aka gano kaso mai yawa na busasshen icen daga kabon na iska yake. Ƙasa ma'adinai take bayarwa irinsu naitirojin da fosfarus da magniziyam, ba yawa ake buƙata ba amma in babu su ganye sai ya koma ruwan ɗorawa, dan shi sinadarin da ke sa ganye kore da magniziyam a tsakiyarsa.

Maman_Furanni:
Ku bari in ƙara da ɗaya ɓangaren, dan mutane sun ɗauka ƙarancin ruwa ne kaɗai matsala. Saiwa ma numfashi take, in ruwa ya kwanta ya cike ramukan iska na cikin ƙasa sai ta rasa oksijin ta ruɓe, kiga tsiro ya yi yaushi alhali yana cikin ruwa tsamo tsamo. Bado da shinkafa suna da hanyoyin iska a cikin jikinsu da ke kai oksijin har saiwa, shi bado ma ƙofofinsa a saman ganye suke tunda ƙasan yana kan ruwa.

Ɗalibar_Ilimi:
Kai Allah ya saka muku da alheri. Amma Maman Furanni kin ce saiwa na buƙatar oksijin, ba tsiro ne ke fitar da shi ba?

Malam_Bayoloji:
Duka biyun yake yi ƴar uwa. Haɗa suga sai da haske, amma kafin ya amfana da sugan dole ya ƙona shi da oksijin, wannan kuwa dare da rana ne a kowane sashe mai rai har da saiwar da bata ganin rana. Da rana wanda ganye ke fitarwa ya fi wanda tsiron ke sha nesa ba kusa ba, da dare kuwa sha kawai yake yi.