Ina neman kwas kan matsalar cin abinci, da mai duba mini aiki

Malama Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin ba da shawara a makarantar kwana ta 'yan mata. Na fara ganin yaran da ke ƙin abinci don tsoron ƙiba, wasu kuma su ci su zagaya su tura yatsa su yi amai. Abin da aka koya mana a jami'a kan wannan bai taka kara ya karya ba. Wane kwas zan yi ta intanet wanda aljihu zai iya?

Malam Nuhu: Wa'alaikumus salam. Ki leƙa na cibiyoyin Ostareliya masu aiki kan matsalar cin abinci, NEDC da InsideOut ta birnin Sidni, duka suna da darussa. Kafin nan ki riƙe SCOFF, gwajin gano mai matsalar, tambayoyi 5 ne kacal, in yarinya ta amsa e a guda 2 to a zurfafa bincike.

Anti Binta: Ni dai CBT-E zan ce miki, hanyar jinya ta tattaunawa da Farfesa Christopher Fairburn ya tsara a Okusfod. Zama wajen 20 ne, ya kan kai 40 in ramar ta yi yawa. Abin da ya fi burge ni shi ne tun farko ana ɗora mutum kan cin abinci a kan lokaci, sau 3 a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, yana rubuta abin da ya ci, a hau sikeli tare da mai ba shi shawara sau ɗaya a mako. Amma naki yara ne Rabi, don haka ki haɗa da FBT, jinyar da ake yi tare da iyali, wadda ta samo asali daga asibitin Maudsley na Landan. Iyaye ake damƙa wa ragamar ciyarwa. Ya dace da gidajenmu sosai, sai dai a makarantar kwana dole a kira uwa, wani lokacin ma a mai da yarinya gida.

Dakta Sani: Malama, don Allah ki saurare ni nan. Duk kwas ɗin da za ki yi, ki fara samun likitan da za ki riƙa tura masa. Mai yawan amai sinadarin fotashiyam na jininta kan faɗi, zuciya ta rikice. Wadda ta daɗe ba ta ci kuma, in aka ɗura mata abinci lokaci guda, fosfet ya faɗi, ana iya rasa ta. Ki sauke MEED, jagorar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fitar a 2022, kyauta ce, ta jera alamun da ba a jira da su.

Hajiya Ladi: Ƙari a kan na Dakta, kwasakwasan nan ba za su gaya miki yarinya na iya fakewa da azumin Litinin da Alhamis ba, kowa na yaba mata ibada. Ki riƙa tambayar me ta ci da sahur, me ta sha ruwa da shi. Ki tambayi shayin rage ƙiba da maganin wankin ciki. Akwai kuma masu shan sha-ka-fashe don su yi jiki, su ma damuwar sura ce.

Malama Rabi: Allah ya saka da alheri. To mai duba aiki fa? Ni kaɗai ce a nan, ba wanda zan kai wa in abu ya cije.

Anti Binta: Nan ne gizo ke saƙar. Satifiket ɗin CEDS na Amurka, na ƙwarewa kan matsalar cin abinci, ma ba a bayarwa sai an cika awannin aiki ƙarƙashin ƙwararre, kuma da dala ake biya. Satifiket ba mai duba ki, ni ban yarda da shi ba. Ki nemi wani a sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa da ke, ko sau ɗaya a wata ne.

Malam Nuhu: Mu ma mu haɗa namu zaman. Shirin EQUIP na WHO da UNICEF yana da ma'aunin gwada ƙwarewar masu ba da shawara, ɗaya ya zama ɗaliba, ɗaya mai ba da shawara, saura su auna. Sharaɗi ɗaya, ba sunan yarinya, ba makaranta, ba a turo labarinta a WhatsApp.

Dakta Sani: Ku sa ni a ciki. Asabar ɗin farko ta kowane wata, bayan la'asar, ta yi muku?

Malama Rabi: Ta yi, Dakta. Zan sauke MEED ɗin yau da dare in sha Allah.