Asma na tashi da dare a cikin ɗaki: me za a gyara?

Ummu Hanif: Assalamu alaikum. Yaro mai asma yana wuni lafiya, amma da ya kwanta sai tari da shaƙewa. Ana share ɗakin kullum. Ina matsalar take? Kuma na'urar tace iska tana da amfani, ko asarar kuɗi ce?

Abu Zahra: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Malama, fara duba shimfiɗar. Akwai ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, suna zaune cikin katifa, filo da bargo, suna cin ɓarɓashin fatar mutum. Kashinsu ne ake shaƙa, hanyoyin numfashi su kumbura su tsuke. A wanke zanin gado da rigar filo duk mako da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 a ma'aunin Celsius. Ruwan sanyi yana rage dattin amma ba ya kashe su. A sa wa katifa da filo riga mai zif wadda ƙura ba ta ratsawa. A fitar da kafet da tarin 'yan tsana masu gashi.

Sharar ma da sake. Tsintsiya a busasshen ƙasa tayar da ƙura take yi, ta jima tana yawo kafin ta sauka. Tsumma mai lema za a yi amfani da shi, kuma yaron ya bar ɗakin har a gama. Danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Ya wuce haka, ƙwarin da funfuna sun samu gida. In bango na yoyo, goge funfunar ba ya magani sai an toshe yoyon.

Binta M.: Ƙari a kan haka: hayaƙi. Duk abin da ake ƙonawa a gida, taba ne, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, gawayi ko risho, yana fitar da ƙura mai laushi da ake kira PM2.5, wadda ke shiga can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ce matsakaicinta na awa 24 kada ya wuce maikurogiram 15 a kowace mita kubik, kuma girki a rufaffen kicin na iya zarce wannan nesa ba kusa ba. Murhun gas ma yana fitar da iskar da ke fusata huhu, don haka a buɗe taga duk lokacin girki. Turaren fesa ɗaki da bilic su ma a rage.

Na'urar kuwa, mai matatar da ake kira HEPA ce ke aiki: tana kama kashi 99.97 na ƙwayoyin ƙurar da girmansu ya kai maikuron 0.3 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A zaɓi daidai girman ɗakin, a rufe ƙofa, a riƙa canja matatar. Masu fitar da iskar ozon a guje su, ƙara ciwon suke yi. Kuma ko mai HEPA ɗin ba ta kama abin da ya riga ya lafe a katifa.

Abu Zahra: Batun taga akwai sharaɗi, Malama Binta. In gidan na bakin babban titi, ko ana ƙona shara ko janareta na aiki kusa, buɗewar shigo da matsalar ce. A jira lokacin da waje ya lafa.

Binta M.: Haka ne. Sannan Ummu Hanif, farkawa da tari cikin dare, ko buƙatar inhela mai buɗe ƙirji fiye da sau biyu a mako, alama ce ciwon bai daidaita ba. Ku koma wurin likita ya duba maganin rigakafin da yadda yaron ke shaƙarsa. In ya kasa magana saboda haki, ko leɓensa ya canja launi, asibiti kai tsaye.