Neman shawara: zan iya sa wa wannan fosil (ragowar tsohuwar halitta a cikin dutse) sunan Babana?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibin jiyoloji (ilimin duwatsu) ne a nan Kano, da muka je fil, wato binciken fili, wajen Ashaka a Gombe na tsinto wani kwanso a cikin farar ƙasa, bai wuce girman goro ba, ɓari ɗaya ya fi ɗaya tudu, kuma na duba hotuna har na gaji ban ga irinsa ba. Ina zaton burakiyofod ne, wato wata halittar teku mai kwanso ɓari biyu. In sabon nau'i ne wallahi burina in sa masa sunan Babana, Allah ya jiƙansa, shi ya sha wahalar karatuna. Ta ina zan fara?

Ɗan Gwale: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena fara tabbatarwa tukuna. Ja layi a tsakiyar ɓari guda daga baki zuwa gindi, in dama da hagu sun yi daidai to ka kama hanya, sannan duba ko akwai 'yar huda a tsinin babban ɓarin, ta nan jijiyar da yake kama dutse take fita. Duwatsun Ashaka na tsohon zamanin da ake kira Kiritashiyos ne, lokacin burakiyofod sun ragu sosai tun babbar halakar halittu da aka yi shekara miliyan 252 baya, ni na fi zaton dangin kawa ne.

Anti daga Ɗorayi: Ko da shi ne ma, kamannin waje na yaudara, nau'i biyu da ba su haɗa dangi na kusa ba sai su fito kamar tagwaye. Shi ya sa masana ke goge kwanson sannu sannu suna zana abin da ke ciki, yanzu kuma har sikanin ake yi. Don Allah kar ka fasa shi da hannunka tunda guda ɗaya ne.

Malam daga Fagge: Suna ba a baki ake raɗa shi ba ɗana. Sai ka wallafa cikakken bayani, ka nuna inda ya bambanta da 'yan uwansa, ka ware samfuri ɗaya a ajiye a ma'adana inda kowa zai iya zuwa ya duba. In wani ya riga ka, nasa ne ke ci, lissafin wa ya riga wa kuwa daga shekarar 1758 ya faro. Sunan namiji ana ƙara masa "i" a ƙarshe. Kafin nan rubuta "cf.", wato "kwatanta da", kafin sunan nau'in da ya fi kama da shi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na ja layin, gefe ɗaya ya ɗan karkace, huda kuma ban gani ba don ƙasa ta toshe wurin. Gobe in sha Allah zan kai wa malaminmu.