An yi mini aikin nono, gashin na'ura ya ƙi samuwa: ya kuka yi da jiran nan?

Mai tambaya, daga Funtuwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau sati 9 da aka cire mini ƙullutun kansa (ciwon daji) a nonon hagu. Likita ya ce tunda ba sai an yi mini kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa, na ƙarin ruwa ko na sha) ba, ana so a fara gashi, wato ƙona ragowar ƙwayoyin cutar da hasken na'ura, cikin sati 6 zuwa 8 bayan aikin. Amma duk ranar da na je asibitin da aka tura ni, sai a ce na'ura ta lalace, ana jiran injiniya. Da dare ya yi sai in yi ta shafa wurin ɗinkin, barci ya gagara. Don Allah wadda ta taɓa shiga wannan hali ta gaya mini yadda ta yi.

Daga Gusau: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Ni ma wata uku na yi ina zarya, kuma da na sani da ban zauna jiran wuri ɗaya ba. Ki koma wurin likitanki ya rubuta miki takardar tura ki wani asibitin, ki haɗa sakamakon ƙullutun da bayanin aikin, ki yi fotokwafi. Ranar da na kai takarduna wani gari, kafin sati biyu aka ɗauke ni hoton tsara gashi, aka yi mini alamomi a ƙirji. Zama 15 na yi, Litinin zuwa Juma'a, sati uku.

Daga Kano: Ki kula da hannun nan sosai. A kan gadon na'ura sai kin ɗaga shi sama da kanki kin riƙe, ni kuwa kafaɗata ta sandare, aka ɗaga mini rana. Kullum bayan asuba nake tsayawa jikin bango ina hawa da yatsuna a hankali, har ya saki. Kuma ki tambayi likita ko ciwon naki irin wanda ake ba tamoxifen ne (ƙwayar magani ce da ake sha don rage haɗarin dawowar wasu nau'o'in kansar nono), ni tun ina jira aka fara ba ni.

Daga Maraɗi: Mu a Yamai ake yi, tun 2021 da aka fara gashi a can. Masauki ne ya fi wahalar da ni. Tun yanzu ki fara neman gidan 'yan'uwa kusa da inda za ki.

Daga Bauci: Hajiya, ina roƙon ki kada ki bari a shafa miki komai a wurin. Gwaggona ta kawo mini wani gari don tausayi, ciwon ya buɗe, gashin ya ƙara nisa da wata guda.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Na kira yayana, jibi Litinin zai raka ni karɓar takardar.