Keke ya gina min numfashi, gudu ya karya min ƙwauri: yaya zan raba su a shekara?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara huɗu ke nan ina tuƙa keke. Duk Lahadi bayan asuba nakan tashi daga Samaru, in bi ta Shika har Giwa in juyo, ko haki ba na yi. Bana sai na sa wa raina shiga gudun fanfalaki na Legas da ake yi a Fabrairu, mai kilomita 42. Makon farko na yi kilomita 10 sau uku, ƙirjina lafiya lau. A mako na uku ƙwaurin hagu ya fara zugi, yanzu ko matakalar masallaci sai na dafa bango. Muna tsakiyar Agusta. In jingine keken gaba ɗaya ne, ko akwai yadda ake haɗa su?

Tsohon Ɗan Tsere:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, keken ne ya yaudare ka. Zuciya da huhu sun riga sun ƙware, amma a kan keke sirdi ke ɗauke da nauyinka, ƙashi da agara ba su taɓa shan dukan kwalta ba. Su kuma sabonsu a hankali yake zuwa, sai an haɗa da watanni. Injin babbar mota ka ɗora a kan tayar Vespa.

Kada ka jingine keke. Huta wa gudu har ciwon ya lafa, ka ci gaba da taka feda. Daga nan zuwa ƙarshen Oktoba keke ne babba: sau uku a mako, gudu sau biyu, minti 20 zuwa 30, kana haɗawa da tafiya, kuma a kan ƙasa. Damina ta yi maka gata a nan, hanyoyin gona sun yi laushi. Ƙarin da za ka riƙa yi kada ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. Da hunturu ya kama a Nuwamba sai ka juya lissafin: gudu uku ko huɗu, keke ɗaya, washegarin dogon gudu, a giya mai sauƙi don jini ya zaga cinya. Dogon gudunka na ƙarshe, kilomita 30 ko kusa da haka, ya kasance saura mako uku tsere.

In ka danna ƙashin da yatsa ka ji zafin a wuri ɗaya tak, ko yana tashinka da dare, je ka ga likita. Ƙashi kan tsage.

Maman Hanif:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni ban yarda da Legas a wannan Fabrairun ba. Wata shida ga wanda ya fara da rauni? Ka nemi tseren kilomita 10 tukuna. Kuma hunturun Zariya ruɗi ne, kana gudu cikin sanyi zufa na bushewa nan take, can kuwa ga zafi ga laima, riga sai ta manne maka a baya tun kafin rabin hanya.

Mai Faci:
Ni dai ta keke zan yi magana. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango fitilar mota, bar titin Funtuwa, direban tirela ba ya ganinka. Ƙurar kuma tana haɗuwa da mai ta cinye sarƙa, ka riƙa gogewa da tsumma kafin ka ɗiga sabo. Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke kai 40, keke ya fi daɗi saboda iska na bugunka, sai dai gora biyu ba ta isa. Sannan ka duba kalanda, azumi na dawowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, yanzu ya iso wajen Fabrairu.

Ɗan Samaru:
Na gode ƙwarai. Baba, na danna, zafin a shimfiɗe yake tsawon ƙwaurin, ba wuri ɗaya ba. Zan ba shi mako biyu in gani. Hajiya, maganarki ta zauna min, ko da yake ban so jinta ba. Mai Faci, azumin nan wallahi ko kaɗan bai zo min a rai ba.